Miliyan 3 da rabi na ɗan ajans: in biya ko in yi da kaina?

Abdu Yelwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya gani da idonsa ya ce ya gani, wanda ya ji a bakin wani ya ce ji ya yi. Shekarata 31, ina da lisans na lissafin kuɗi, shekara biyar ke nan ina riƙe da littattafan wani kantin kayan gini a nan Garwa. Wata ajans a Duwala ta ce za ta yi mini dosiyen Kanada tun daga farko har in sauka, a kan sefa miliyan 3 da rabi, biya uku. Na riga na tura musu dubu 200 na "buɗe dosiye". Sun ce cikin kuɗin har da wanda zai tarbe ni a filin jirgi, da ɗakin wata ɗaya, da neman aiki. Baba ya yarda a sayar da filinmu na bayan gari, mai saye zai zo ranar Asabar. In ci gaba ko in dakata?

Ɗanliti: Wa alaikumus salam. Miliyan 3 da rabi? Kawo miliyan ɗaya in ɗauke ka a mashin in kai ka Gashiga in ce maka mun iso, iyaka dai ba za ka ga ƙanƙara ba.

Shugaban zaure: Ɗanliti, mutum na maganar filin mahaifinsa kana wasa. Maman Hanif, ke ce a can, ki taimaka masa.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam ƙanena. Yanzu na taso daga aiki na ga saƙon. Kafin komai, ka roƙi Baba ya ɗaga maganar Asabar ɗin nan. Fili ba ya ruɓewa.

Mu uku muka zo, ni da Baban Hanif da yaron, kuma ko sefa biyar ba mu ba ajans ba. Ba wayo muka fi kowa ba, kuɗin ne babu. Abin da nake so ka fara rabewa shi ne kuɗin da gwamnatin Kanada ke karɓa daban, ladan mai cika maka takarda daban. Mu a 2024 mun biya dalar Kanada 950 na duba dosiye da 575 na takardar zaman dindindin, kowane babba 1,525 ke nan, yaro kuma 260. Ɗaukar hoton yatsu 85 ne mutum ɗaya, iyali 170. In ka juya su sefa, namu ya tashi wajen miliyan ɗaya da rabi. Ban sa fasfo ba, wanda ka san dubu 110 ne tun 2021, ban sa jarrabawar Faransanci ba, ban sa likita ba, ban sa tantance diflom ba, ballantana tikitin jirgi. To ka koma ka tambaye su: miliyan 3 da rabin nan har da waɗannan, ko ladansu ne zalla? Na yi imani za su ce maka waɗannan "kuɗin hukuma" ne, kai za ka biya a gefe.

Shi kansa tsarin da Kanada ke zaɓen ma'aikata da maki ta ba su zaman dindindin, Entrée express, shiga cikinsa kyauta ne. Amma ba ka shiga sai da abu biyu a hannu: sakamakon jarrabawar harshe, ga mu masu Faransanci TCF ko TEF na Kanada, da takardar da ta nuna darajar diflom ɗinka a wurinsu, mu ta wata ƙungiyar tantance diflom mai suna WES muka yi. Babu ajans da za ta zauna maka jarrabawa. Kai za ka sa abin sauraro a kunne, kai za ka yi rubutu, kai za ka zauna gaban mai gwaji ka yi ta zuba Faransanci. In ka kai mataki na 7 a duka ɓangarori huɗu, ka shiga layin masu Faransanci da suka fara warewa tun 2023, kuma ta wannan ƙofar ce 'yan Kamaru suka yi ta shiga. In an kira ka, kwana 60 gare ka ka haɗa sauran takardu. Shi ke nan fa. Cikin duk wannan nuna mini inda miliyan 3 da rabi ta shiga.

Abdu Yelwa: Yaya, na gode. Sun ce suna da kamfani a can da zai ba ni takardar ɗaukar aiki, wai ita ke ƙara maki. Sannan za su zuba mini kuɗi a banki na ɗan lokaci don a ga ina da abin riƙe kai.

Maman Hanif: Innalillahi. Waɗannan biyun su ne suka fi ba ni tsoro. Makin takardar aiki an cire shi tun Maris na 2025, kuma saboda masu sayar da takardun nan ne aka cire. Wanda har yau yake tallata maka shi, ko bai san aikinsa ba ko ya san kai ba ka sani ba. Kuɗin riƙe kai kuwa dole ya zama naka, ba rance ba. Mu an nemi mu nuna dala 22,483 na mutum uku, kusan miliyan 10, mutum ɗaya a 2025 dala 15,263 ne. Wasiƙar banki sai ta nuna yadda asusun yake tsawon wata shida. Asusun da bai taɓa ganin dubu 500 ba, rana ɗaya ya kwana da miliyan 6, kana jin mai dubawa makaho ne? In suka kama ƙarya a dosiye, shekara 5 ba ka ba Kanada, kuma sunanka ne a jiki, ba na ajans ba. In ma za a sayar da filin, to wannan kuɗin ya fi cancanta a sayar dominsa.

Nura Siber: Ni fa ina da ja, ba a kan ajans ɗin Abdu ba, a kan wannan "yi da kanka" da ake ta faɗa kamar shan ruwa. Shekara tara ina riƙe da siber a Marwa, na ga iri-iri. Hajiya, ke da maigidanki kun yi jami'a, kuna da kwamfuta a gida. Wanda ke zuwa wurina wani ko adireshin imel ba shi da shi, wani yana da shi ya manta mabuɗin. Wani sunansa a takardar haihuwa Mohamadou, a diflom Mamoudou, a fasfo Mouhamadou, ranar haihuwa kuma "vers 1990". Wuta ta ɗauke ana tsakiyar loda takarda, rezo ya tafi, fayil ya fi girman da aka yarda. Wannan mutum in ka ce masa je ka yi da kanka, ka tura shi ne kawai hannun wanda zai yanke shi. Ni ina karɓar dubu 2, dubu 5, in zauna da mutum awa uku, in buɗe masa imel da sunansa, in rubuta masa mabuɗin a takarda in ce ya kai wa matarsa ta ajiye. Haram na ci? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, kuma ina yin askin.

Sale na Njamena: Malam Nura, kai kana ba mutum mabuɗinsa. Ba kowa ba ne kai. Ni ga abin da ya same ni, ba ji na yi ba. A 2019 na shiga cacar bizar Amurka a wani siber a nan Njamena. Dubu ɗaya na biya, ya ɗauke ni hoto jikin farin bango, ya ce in tafi zai kira ni. Ban san ana ba da wata lamba a ƙarshe ba, wadda da ita kaɗai kake duba ko ka ci. Watan Yuni sai ga kira, wai albishirinka. Na je da gudu har da goro. Ya juyo mini da allon na ga sunana, ya sa tafin hannu ya rufe lambar. Ya ce miliyan ɗaya da rabi. Na ce ina na gan ta? Ya ce to akwai hanya: wata mata za ta biya, a ɗaura mana auren takarda mu tafi tare. Na yi ƙoƙarin nemo lambar da kaina, ashe da imel ɗinsa ya shigar da ni. Alhali abin da ofishin jakadanci ke karɓa dala 330 ne ranar ganawa. Na ƙi auren, ya ƙi lambar, shekara ta wuce. Har yau in na bi ta layin sai na kau da kai.

Yanzu ma maganar ta mutu gare mu, tun da a Yunin 2025 Trump ya sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ya rufe wa ƙofa. Amma wallahi har yanzu akwai masu karɓar kuɗin mutane a garin nan da sunan Amurka.

Nura Siber: Allah ya isar maka, Sale. Wannan ɓarawo ne mai kwamfuta, ba ɗan sana'armu ba.

Ɗanliti: Da ka karɓi matar, wa ya sani ko rabonka ce.

Sale na Njamena: Rabon gidan yari dai.

Malam Habu: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma zan ɗan saɓa wa Maman Hanif, da girmamawa. Ni na biya, kuma ban yi nadama ba. Amma ku ji dalili. Shekarun baya na nemi bizar karatu aka hana ni, sannan akwai ɗana na wajen matata ta farko da ke hannun kakarsa a Ngaundere, ga kuma shekara biyu da na yi ina koyarwa a makarantar kuɗi ba takardar albashi, a hannu ake ba mu. Irin wannan dosiye mai ƙulli in ka amsa tambaya ɗaya ba daidai ba, ko da mantuwa ce, sai a ɗauke ta ƙarya. Na so in bar maganar yaron tunda ba da shi zan tafi ba. Wanda na ɗauka shi ya ce kul, ɗan da ba ka bayyana ba wata rana ba za ka iya ɗauko shi ba. Wannan kalma ɗaya ta biya ni kuɗina.

Bambancin shi ne nawa mai lasisi ne. Dokar Kanada ta ce duk mai karɓar kuɗi don ya ba ka shawara ko ya wakilce ka, sai ya zama lauyan can, ko notaren Kebek, ko ɗan hukumar masu ba da shawarar shige da fice, CICC, wadda ta fara aiki a 2021. Kowane ɗan CICC yana da lamba mai farawa da R, kuma rajistarsu a buɗe take a intanet, ka rubuta suna ka ga ko yana nan, ko an dakatar da shi. Na duba nawa, ban tsaya nan ba, na rubuta wa adireshin da ke cikin rajistar, don akwai masu satar sunan mai lasisi su liƙa a ƙofar shagonsu. Mun sa hannu a kwantiragi da ta faɗi aikin da zai yi da abin da zan biya a kowane mataki. Ya sa sunansa a fom ɗin wakilci, IMM 5476. Mai karɓar kuɗinka ya ce kada ka faɗa wa Kanada akwai wanda ya taimake ka, ka san ya shirya guduwa ne ranar da ta ɓaci.

Abdu, kai naka dosiye miƙaƙƙe ne: ba aure, ba a taɓa hana ka ba, aikinka na da takarda. Ban ga abin da za ka saya ba. Amma ka tura musu tambaya ɗaya: mene ne sunan mai lasisinku, mece ce lambarsa? Sai ka kawo mana amsa.

Baba Alhaji Kusiri: Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. 'Ya'yana, na ji kuna ta lissafin dala, ni ban san ta ba, amma tafiya na san ta. Tun ba a gina gadar Ngeli ba muke ƙetarewa Fort-Lamy a jirgin fito, sunan ma bai bar bakinmu ba ko da aka mai da shi Njamena. Na kai shanu kudu, na sayo goro, na zauna Yawunde, na zauna Librebil shekara shida. Ban taɓa biyan wani tun ina gida don ya karɓe ni a can ba. Ka sauka, ka tambayi unguwar Hausawa, ka yi salla a masallacinsu, bayan sallama ka ce baƙo ne. A Yawunde Birketiri za a nuna maka. A kai ka wurin Sarkin Hausawa ko wurin fatoma. Fatoma ya ba ka ɗaki, matarsa ta aiko da tuwo, ya ajiye maka kuɗinka, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in an ci bashi. Sai ciniki ya faɗa sannan ya ɗauki la'adarsa. In ya cuce ka, kafin wata ya kama labari ya kai Marwa ya kai Kano, ba mai sake sauka gidansa. Kakanninmu da wannan suka je Makka a ƙasa, ta Abeshe, ta Sudan, wasu shekara bakwai a hanya.

Dillali ba haram ba ne, ni kaina na yi dillanci. Amma dillalin da ba ka san gidansa ba, ba ka san ubansa ba, ya ce ba ni la'ada tukuna kafin ka ga saniya, wannan a kasuwar kara ko yaro ba zai saurare shi ba. Abdu, ka gaida mahaifinka. Ka ce masa in ji ni, a ga saniya tukuna.

Abdu Yelwa: Zai ji, Baba. Allah ya ƙara girma.

Malam Habu: Baba, Allah ya ja kwana. Wuri ɗaya kawai zan yi gyara, a gafarce ni. A wannan harka mai cewa "sai biza ta fito ka biya" ko "biza tabbas" shi ma abin tsoro ne, don ba shi ke ba da ita ba, kuma don kuɗinsa su fito zai iya cusa takardar bogi a dosiyenka ba ka sani ba. Na gaskiyar kamar likita yake, ladan aikinsa yake karɓa, warkewa ta Allah ce.

Baba Alhaji Kusiri: To likitan ai ka san asibitinsa.

Hajiya Ladi: Ku kuna ta Kanada, mu a nan Ngaundere abin da ke cinye mana 'ya'ya mata Saudiyya ce da Dubai. 'Yar ƙanwata ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na aure ta ba wani mutum dubu 900, wai aikin gida a Jidda, albashi kaza. Bizar Umara ya yi mata. Kwanakinta suka ƙare ta zama ba ta da iƙama, ta koma ɓuya gidan wata 'yar garinmu, ko asibiti ba ta isa ta je ba. Da aka kama ta aka maido ta, da leda ɗaya ta sauka. Daga baya ne wani da ya daɗe can yake gaya mana cewa a dokar ƙwadagonsu mai ɗaukar aiki shi ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama. Ashe tun daga dubu 900 ɗin ya kamata mu farga. Kuma mutumin nan ba baƙo ba ne, Baba, mun san gidansu, mun san ubansa, tare ake salla. Shi ya sa ma aka kasa kai shi gaban jandarma, wai kada a ɓata zumunci.

Baba Alhaji Kusiri: Wannan kuma laifinku ne, Hajiya. A da ba a rufa wa irinsu asiri.

Nura Siber: Abin da ya sa nake cewa a bar mutane su sami mai karanta musu takarda. Da ta kawo mini bizar nan, kallo ɗaya zan ce mata ta Umara ce.

Maman Hanif: Malam Nura, ban ce a hana ka ba. Buga takarda da sikanin da buɗe imel aiki ne, a biya ka. Inda nake tsoro shi ne ranar da mai siber ya fara cewa "rubuta kaza, kada ka rubuta kaza".

Bari in koma kan ɗaya rabin tambayar Abdu, tarba da ɗaki da aiki, don nan ne suke kama mutane da tsoro. Ni ma na ji tsoron. Mun sauka Monkton, wani gari a gabashin Kanada, a watan Fabrairu. Tun a filin jirgin farko aka raba ni da kilishin da Inna ta kwana tana naɗe mini, don ba a shiga da nama. Na faɗa musu da bakina ina da shi, shi ya sa ba a ci ni tara ba, amma na yi hawaye kamar an ƙwace mini ɗa. Kuka da busasshiyar kuɓewa dai sun wuce. Da ƙofar waje ta buɗe, iskar da ta bugi fuskata sai na ji kamar an watsa mini allurai. Ni da nake ganin sanyin Ngaundere shi ne sanyi! Hanif ya ƙanƙame ni ya ce mu koma gida.

Wanda ya zo ɗaukarmu wani ɗan Nijar ne, ɗan Damagaram, direban babbar mota. Ba mu taɓa ganinsa ba. Baban Hanif ne ya yi ta tambaya tun muna Garwa, wannan ya haɗa shi da wancan, har aka kai gare shi. Ya zo da riguna uku na sanyi a bayan mota, na matarsa da na 'ya'yansa. Kwana 12 muka yi a ɗakin ƙasa na gidansa. Da muka zo tafiya maigidana ya miƙa masa ambulan, mutumin nan ya ɓata rai har sai da muka ba shi haƙuri.

Sauran kuma duk kyauta ne, kuma wannan ne 'yan ajans ba sa so ku sani. Lambar aiki, NAS, a ofishin Service Canada ake karɓa, ba ko sisi. Katin asibiti na lardi haka. Akwai ƙungiyoyin karɓar baƙi da gwamnati ke ba kuɗi don su yi wa mai takardar zaman dindindin hidima: wata mata a can ita ta sa Hanif a makaranta, ta gyara mana takardar neman aiki irin yadda suke so, ba hoto ba ranar haihuwa, ta sa mu ajin Ingilishi, don ko da yake lardin na harshe biyu ne, aiki da yawa sai da shi. Tun kafin ka taso ma, da zarar an amince da dosiyenka, akwai irin wannan hidima ta intanet.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Gida ne ya fi ba mu ciwon kai: mai gida na tambayar tarihin biyan bashinka a ƙasar, kai kuwa jiya ka zo. Gida biyar aka hana mu, na shida ɗan Damagaram ɗin ne ya tsaya mana. Ni nas ce a gida shekara bakwai, a nan ban isa in taɓa allura ba sai na sami lasisin lardi, yanzu tsofaffi nake kula da su ina karatu da dare. Baban Hanif injiniyan gona ne, wata takwas yana ɗaga kwali a sito. Akwai ranar da na tsaya jiran bas minti 25, yatsun ƙafata suka mutu, na ce me ya kawo ni. Amma ka gaya mini wanne cikin waɗannan ne wani mai ofis a Duwala zai ɗauke maka? Na san wani ɗan Kamaru da ya biya irin wannan "tarba". Ɗakin da aka yi masa alkawari ashe kwana uku aka kama masa a otal, lambar wayar kuma ta daina shiga. A masallaci aka tsince shi ranar Juma'a da akwatunansa.

Baba Alhaji Kusiri: Kun ji ko? Fatoma ne wannan ɗan Damagaram ɗin, ko bai san sunan ba.

Sale na Njamena: Sai dai ba kowane gari ne ke da ɗan Damagaram ba. Ƙanena na karatu a wani ƙaramin gari a Faransa, wata huɗu bai ji mai cewa sannu da Hausa ba.

Maman Hanif: Gaskiya ne. Shi ya sa mu ba mu zaɓi gari a taswira ba, sai da muka sami mutum tukuna.

Abdu Yelwa: Jama'a, na dawo. Jiya da dare na tura musu tambayar Malam Habu. Da farko suka ce lauyansu yana Kanada kuma sunansa "sirrin kamfani" ne. Na ce lambar kawai nake so. Sai matar ta kira ni, muryarta har da zaƙi, wai an kusa rufe shiga na bana, in ban biya kashi na farko kafin Litinin ba wurina zai tafi ga wani. Na ce an gaya mini tsarin ba ya rufewa. Ta ce wa ya gaya maka? Na ce yayata da ke can. Ta kashe waya. Na tambayi dubu 200 ɗina a rubuce, an karanta ba a amsa ba.

Na gaya wa Baba. Bai ce komai ba, ya dai aika a ce wa mai saye ya dakata. Abin da ya fi damuna yanzu shekaru ne, don na ga maki na raguwa daga 30.

Malam Habu: Raguwar kaɗan-kaɗan ce, Faransanci mai kyau zai rufe ta. Ka fara da jarrabawa, sakamakon na aiki shekara 2, tantance diflom kuma 5. Kada ka raina ɓangaren rubutu don kana ganin ka yi jami'a, da agogo ake yi, nan na fara faɗuwa. Ina da littattafan da na yi amfani da su. In za ka Yawunde don jarrabawar ai ta nan Ngaundere za ka hau jirgin ƙasa, ka tsaya ka karɓa.

Nura Siber: Rasit ɗin turawar kada ka goge shi, da duk saƙonninsu. Ka kai kwamisariya ko ba a samo kuɗin ba. Kuma ka duba sunanka a takardun nan uku tun yau, harafi harafi.

Abdu Yelwa: Na duba. A diflom Abdoulaye, a takardar haihuwa Abdoullahi.

Nura Siber: Ka gani ko. Turo mini hotonsu ta gefe.

Ɗanliti: Dubu 5 ne fa, Abdu, kada ka ce ba a gaya maka ba.

Nura Siber: Na zaure kyauta ne, kai ne dai zan caja.

Abdu Yelwa: Saura masauki. Ban san kowa a Yawunde ba, kuma na ji otal ɗin can da tsada.

Baba Alhaji Kusiri: Otal na me? Ɗan aminina na nan Birketiri, yana sayar da yadi kusa da babban masallaci. Jikana zai tura maka lambarsa. In ka sauka a tasha da safe ka kira shi, ka ce daga wurina kake. Ka riƙe masa 'yar tsaraba, yana son busasshen kifin Binuwai.